Kafin a Miƙa wa Yaro Ƙugiya

(Laccar da aka gabatar a gaban iyaye, malaman firamare da masunta a Yauri)

 

Ranka ya daɗe shugaban taro, iyayenmu sarakunan ruwa, malamai, iyayenmu mata da ke zaune can gefen rumfa, da ɗalibai, ina gaishe ku da kyau. Ina yi wa waɗanda suka tsallako daga gungu tun da sanyin safiya barka da hanya.

An ce in yi magana a kan yadda za a sa ƙananan yara a hanyar kamun kifi. Duk wanda zai tsaya a Yauri ya yi wa Sarkawa da Gungawa bayanin kifi, dole ya iya bakinsa. Saboda haka ba zan koya wa kowa jefa birgi ba. Maganata a kan abin da ya kamata ya riga wani ne: yaro ya fara sanin ruwa, sannan ya san kifi, sannan a miƙa masa ƙugiya, zancen kuɗi kuwa ya jira can baya. Yawancin ɓarnar da muke gani daga kifar da wannan tsari take fitowa. A saka yaro jirgi bai iya iyo ba, a ɗora masa neman na cefane bai san sunan kifin da ke hannunsa ba.

Wani zai ce mene ne na lacca, ai ɗan masunci a ruwa ya buɗe ido, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne. Amma ruwan da kakanninmu suka sani ya canza a gaban idonmu. A 1968 aka kammala madatsar Kainji, ruwa ya haɗiye tsohon garin Bussa da gungaye masu yawa, aka tayar da mutum sama da 40,000 aka sake musu matsuguni. Inda da ake da kogi mai duwatsu da mashigai da kowa ya haddace, sai ga tafki mai faɗin da ya haura murabba'in kilomita 1,200, mai tayar da igiyar ruwa idan iska ta kaɗa, ga kututturan itatuwa a ƙarƙashi suna jiran cikin jirgi. Daga baya injin jirgi ya zo, ragar nailan ta zo, makaranta ta zo tana neman rabonta na lokacin yaro. Gado yana nan, amma sai an zauna an sake duba yadda za a miƙa shi.

Mu fara da ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a faɗin duniya a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Mu nan ba ma buƙatar a kawo mana lissafi daga nesa. Ba mu manta da watan Mayun 2021 ba, lokacin da jirgi ya kife da mutane a kusa da Warra. A ƙarshen Nuwamban shekarar, wani ya kife a Bagwai ta jihar Kano, yawancin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne da ke hanyar zuwa Mauludi. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Abin da nake so iyayenmu mata su riƙe shi ne, yaron da ruwa ke ci ba ya ihu. A fim ne mutum yake ɗaga hannu yana kururuwa. A zahiri bakinsa yana nutsewa yana tasowa, numfashi yake nema, ba shi da sararin kira, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan an gama. Uwa tana iya kasancewa tana cuɗa wanki taku biyar daga wurin ba ta ji komai ba. Don haka yaron da bai kai shekara biyar ba, idan an je bakin ruwa da shi, ya kasance inda hannun babba zai kai gare shi, kuma a san babba ɗaya tak da aka ɗora wa kula da shi. Idan aka ce kowa na kallo, to babu mai kallo. A daina kuma barin ɗan shekara biyu a hannun yayarsa 'yar shekara bakwai a mashaya. Ita ma yarinya ce, wasa zai ɗauke mata hankali, in abu ya faru ta rayu da shi har tsufanta.

Akwai wata dabara da muka gada, ta tsorata yaro da dodon ruwa ko 'yan ruwa. Na fahimci manufarta, amma ba na goyon bayanta. Tana aiki har ranar da yaro ya saci jiki ya bi abokansa ya shiga ya fito lafiya. Daga ranar ya gane an yi masa ƙarya, kuma zai haɗa har da gargaɗin gaskiya ya watsar. Ga abin tsoro na haƙiƙa jingim, me zai kai mu ƙirƙira? A nuna masa gurbin da ƙasa ke zaftarewa, a nuna masa inda ruwa ke juyi, a gaya masa dorina ta fi muni idan tana da ɗa, a nuna masa sawun kada a kan yashi. Yaron da aka gaya wa dalili yakan riƙe doka ko ba ka nan.

Daga wajen shekara shida sai iyo. Malamanmu sukan ambaci wasiyyar da ake jingina wa Sayyadina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ta koya wa yara iyo, don haka ba baƙon abu nake kawowa ba. Amma koyarwa daban, jefa yaro a ruwa a ce zai koya da kansa daban. Mutanen Bangaladash, waɗanda ruwa ke yi wa ɓarna sosai, sun samo hanya mai arha. Sukan kafa shinge da dandamali na itacen gora a cikin kududdufin ƙauye, yadda zurfin ba zai wuce ƙirjin yaro ba, matashi ɗaya da aka horar ya riƙa koyar da 'yan yara kaɗan a lokaci guda. Ƙanana kuwa a tara su wurin mace ɗaya daga safiya zuwa azahar, lokacin da uwaye ke fama da aiki. Babu abin da ya fi ƙarfinmu a nan. Abin da yaro zai fara koya shi ne ya kwanta rigingine a kan ruwa ya yi numfashi ba tare da firgita ba, sannan ya iya kai kansa gaɓa. Salo da gudu sa zo daga baya.

A haɗa masa da darasin ceto, don sau da yawa gawa biyu ake fitarwa, ta wanda ya faɗa da ta wanda ya bi shi. Yaro ya sani idan ɗan'uwansa ya faɗa, aikinsa ya ƙwala kira, ya kwanta a gaɓa ya miƙa sanda, ko ya jefa jarka marar komai mai murfi a rufe. Mu manya kuma mu bar juya wanda aka ciro kai ƙasa ana matsa masa ciki wai a fitar da ruwa. Idan ba ya numfashi, hura masa iska a baki da danna ƙirji ake yi, kuma ina roƙon ma'aikatan lafiya da ke nan su nuna mana yadda ake yi kafin a watse.

'Yan mata fa? Su ne masu wanki, su ne masu ɗibar ruwa, su ne a cikin jirgi ranar kasuwa da zani ɗaure, amma su ne ba a koya wa iyo. In kunya ce matsalar, a keɓe musu wuri da lokaci, mata su koyar da su. A gungayenmu akwai matan da suka fi ni iya ruwa nesa ba kusa ba.

Sai tsargiya, a taƙaice. Fitsarin jini cuta ce, ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka. Ƙwayarta tana rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar ruwa marar gudu, ta huda fata ta shiga, in ta daɗe ta lalata mafitsara. A zaɓi wurin iyo mai yashi, nesa da ciyawa. A hana yara fitsari da bahaya a ruwa, don ta nan cutar ke komawa. In an kawo maganin da ake rabawa a makaranta, a bar su su sha, bayan sun ci abinci.

Yanzu mu zo ga kifi, inda daɗin maganar yake. Kafin yaro ya kama ko ɗaya, a kai shi bakin ruwa da hantsi lokacin da jirage ke dawowa, a tsugunna da shi gaban kwarya. Wannan tarwaɗa ce, duba gashin bakinta. Wannan karfasa. Wannan ƙurungu, saurari yadda yake gurnani in an ɗaga shi. Wannan tsage, kalli haƙora. Ga yauni, ga ragon ruwa, ga talibambam mai kumbura ciki, ga warangi da ake shanyawa. Ɗan shekara huɗu yana haddace waɗannan cikin 'yan kwanaki, yana kuma alfahari da su. Ina jin takaici in ga ɗan aji shida a garin nan ya san sunayen 'yan ƙwallon Sifen kaf, amma duk abin da ya fito daga kogi kifi kawai yake ce masa.

Kowane suna yana da labari a bayansa. Uwar karfasa a baki take ɗaukar ƙwanta har su ƙyanƙyashe, in 'ya'yan suka ga haɗari su koma ciki a guje. Bargi yana gina sheƙa da ciyawa a fadama. Gaiwa, idan tabki ya ƙafe, takan shige laka ta lulluɓe kanta da yauƙi ta kwanta tana shaƙar iska har damina ta dawo. Minjirya tana da lantarki a jikinta tun kafin a kafa injin Kainji. Malaman kimiyya, ga darasi a ƙofar ajinku ba sai kun jira littafi daga Legas ba.

Shi kansa kogin darasi ne. Me ya sa ruwa ke ƙaruwa a nan da sanyin hunturu, alhali ko ɗigo bai sauka ba? Masunta sun san farin ruwa, na damina, mai laka, wanda ruwan samanmu ke kawowa. Sun san baƙin ruwa, wanda ya sauka a tsaunukan Gini, ya bazu a fadamun Mali ya zubar da lakarsa, ya biyo ta Yamai da Gaya, bai iso mana ba sai bayan watanni. Tsoho ya san lokacinsa da irin kifin da yake zuwa da shi, malami ya san taswirarsa. Ku haɗa su biyu a gaban yaro ku ga yadda zai buɗe baki.

To, sai fatsa. Fita ta farko ba ta son tsada. A sami siririyar gwangwala da ba ta fi tsayin yaron sau biyu ba, da zare, da ƙaramar ƙugiya, da guntun totuwar kara a ɗaure a matsayin alama. Shi zai tono tanarsa a gindin randa, don rabin murnar a nan take. Kafin a ɗaura ƙugiyar, a sa filaya a matse 'yar ƙayar nan da ke bakinta ta kwanta. Kifi ɗaya ko biyu za su suɓuce saboda haka, amma ranar da ta shiga yatsa, kuma za ta shiga, zare ta kawai za a yi. Idan mai ƙaya ce ta nutse a nama, ko ta taɓa kusa da ido, kada a fizge, a tafi asibiti, a kuma yi zancen allurar tetanos.

A zaɓi gaɓa mai kwanciya, da safe ko da la'asar sakaliya, inda ƙananan karfasa suke da yawa. Yaro ba ya neman giwan ruwa. So yake totuwar ta motsa. Ka zauna bayansa, hannunka a kan nasa, ka ce masa ya dubi totuwa: in ta yi rawa, wasa kifin yake da koto, a jira, in ta nutse, a ɗaga a hankali. Zai ɗaga da wuri, zai maƙale zaren a ciyawa, zai ajiye sandar ya bi kwaɗo. Ka bar shi. Ranar nan kai ba kamu ka zo yi ba, kada ma ka ɗauko taka sandar. In ya gaji ku tashi, ko da rabin sa'a kuka yi. Uban da ya daka wa yaro tsawa a ranar farko don ya tsinke zare, ya yi asarar abin da ya fi zare. Idan Allah ya sa ya kama, komai ƙanƙantarsa, a kai wa uwarsa ta soya, a sa masa a gefen tuwo a faɗa a gaban kowa cewa kamun wane ne.

Riƙon kifi ma sai an koya. Ƙurungu yana da ƙaya uku, ɗaya a baya biyu a gefe, in ya miƙe su sai su kulle, sukarsu kuma tana da raɗaɗi. Ana zuro hannu ne daga wajen kai, a sa yatsu a bayan ƙayoyin gefe. Tarwaɗa ma haka, ga santsi. Ka yi sau biyu yana kallo kafin ka bar shi ya gwada da ƙarami.

Akwai wani haɗari da ba a cika ambata ba, wato dalma. Da ita ake yi wa raga da zare nauyi, sau da yawa daga tsohon batirin mota ake narko ta a tsakar gida, kuma na ga yara suna matse ta a zare da haƙori. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Ko wadda ba ta kashe ba tana dakushe ƙwaƙwalwa, ba ta kuma gyaruwa. A sandar yaro, ƙaramin noti ko tsakuwa ya isa. Narka dalma kuwa a yi shi nesa da yara da wurin girki.

Darasin da ya fi wuya shi ne na sakin kifi. Yaro ya kama ɗan ƙarami kamar yatsa, ka ce ya mayar, ya dube ka kamar ka zauce. A nan za ka gaya masa labarin Argungu. A bikin kamun kifin da aka faro a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016, kowa yana ganin dubban mutane da homa da gora suna rugawa kogin Matan Fada, yana ganin giwan ruwa mai fiye da kilo 70 a kan sikeli. Abin da kyamara ba ta nunawa shi ne watannin da aka hana kowa taɓa wurin. Hanin ne ya ƙosar da kifin. Yaron da ya ga ubansa yana jan gidan sauro a ruwa yana kwashe har ƙwai, ko yana zuba maganin ƙwari a tabki, ba lacca a duniya da za ta gyara shi. Gidan sauron nan don kare shi daga zazzaɓi aka bayar, an cuce shi sau biyu ke nan.

Ranku ya daɗe, saura magana mai ɗaci. Akwai koyarwa, akwai bautarwa, kuma daga gaɓa kamarsu ɗaya, yaro ne a cikin jirgi. A tafkin Volta na Gana an daɗe ana fama da masu karɓo yara daga iyaye matalauta da ɗan kuɗi kaɗan, su sa su kwarfar ruwa da nutso don kwance ragar da ta sarƙe a kututture, wasu ba sa tasowa. Kututturan da ke Volta irinsu ne a Kainji, talaucin ma iri ɗaya ne. Kada mu ce abin na can ne. Ga yadda nake aunawa: yaron nan da wa yake fita, ubansa ko wanda ya yi hayarsa? Yana barcin dare? Yana zuwa makaranta da allo? In ya ce ya gaji, ana jin sa? Duk mai tura ɗan shekara tara ƙarƙashin ruwa ya kwance raga, ya fifita raga a kan rai, ko ɗan cikinsa ne.

Na san amsar da za a ba ni: malam, ba mu da kuɗin ɗaukar babba, in yaron bai fita ba ba za a ci ba. Ban raina wannan ba. Amma akwai aikin da ya dace da kowace shekara. Ɗan bakwai ya tsince kifi, ya taya gyaran raga a inuwa, ya yi fatsarsa a gaɓa. Ɗan goma da ya iya iyo ya shiga jirgi da rana, kusa da gaɓa, da rigar ruwa daidai jikinsa, don ta babba zamewa take ta kansa. Kwanan ruwa, da jan taru, da zuba mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, waɗannan sai ƙashi ya yi ƙwari.

Makarantar ma tana da nata laifin. Tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya, kuma 'ya'yan masunta masu ƙaura suna cikin waɗanda aka ɗora mata. Ga cibiyar binciken kifi ta ƙasa da kwalejin koyon aikin kifi a New Bussa, tafiyar yini ɗaya ba ta kai ba. Amma yara nawa daga gungayenmu suka taɓa taka ƙofarsu? Wanda ya tashi da sanin ruwa, ya haɗa da karatu, shi ya fi cancanta da kujerun can, shi kuma zai iya kiwon tarwaɗa a kududdufi ranar da kogi ya yi rowa.

Saboda haka ina da roƙo biyu kafin in zauna. Sarakunan ruwa, ku keɓe mana wuri guda a kowane gari, mai yashi marar zurfi, ku ba mu matasa biyu da mata biyu da za a horar su koyar da iyo kafin ruwan bana ya cika. Shugabannin makarantu kuma, ku ware safiya ɗaya a kowane zango ku gayyaci tsohon masunci ya shigo aji da kwaryar kifinsa da homarsa, a shimfiɗa masa tabarma, a kira shi malam, a kuma sallame shi da abin goro.

Ranka ya daɗe shugaban taro, na ga ma'aikatan lafiya sun shirya, ga kuma hannaye a sama.